Akuyar Babban Baƙo

Gida, Bungoma
3 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Nanjala, lauyar gobe,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya kamar yadda muke nan, in har wannan ita ce lafiya. Gwiwar Kaka Namalwa ta sake tashi, amma bakinta ƙalau yake. Masara ta tsiro. Ni kuma ina nan bisa kekena, ina jigilar mutanen da suka fi ni ƙiba daga tasha zuwa kasuwa.

Wasiƙarki ta iso ta akwatin gidan waya na makarantar firamare, yadda aka saba. Na karanta wa Kaka. Da na kai ƙarshe ta ce in sake, wai idona ya tsallake layin albashi. Na sake. Ta ce in duba bayan takardar. Na duba, fari fat.

Bari in tabbatar na gane ki. Kakana da mijin Kaka uwa ɗaya uba ɗaya suke, shi ya sa ake tuna cewa ni ɗan uwanki ne duk ranar da za a yi karo-karo. Shekara uku dangi suna tatsar kansu don ki karanta lauya a Nairobi. Ni aka zare daga makaranta kamar ƙaya daga ƙafa, na koma karanta jaridar da aka naɗo kifi a ciki. Ban ce komai ba. To na ce, amma ba wanda ya saurara. Yanzu kin ce wani ofishi mai kujerun fata ya kira ki aikin dogon hutu, har da ɗan abin sabulu, kin ce a'a. Kin zaɓi wani ofishi a Kisumu da ke tsaya wa mutane a kotu kyauta, kuma ke ma kyautar za ki yi musu, wata uku, sai shayi. Sannan mu za mu biya ɗaki da abinci da kuɗin mota, mu ɗinka miki baƙar kwat don alƙali kada ya kore ki. Wato talaka ne zai biya kuɗin taimakon talaka. Wanda ya ƙirƙiro wannan tsarin ina son in gan shi ido da ido.

Batun ƙungiyar nan mai ba ɗalibai tallafi kuwa, da kika ce sun sa ki rubuta shafi biyu kan abin da ya sa kike ƙaunar talakawa, suka kuma ba wata mai zuwa aji da direba, laifinki ne. Da kin aika musu hotona a kan keke cikin ruwan sama. Ko ki ce musu kin zauna da talakawa tun ranar da aka haife ki ba hutu ko na Kirsimeti.

Na yi niyyar yaga wasiƙar, sai na kai layin da kika ce aikin farko da za su ba ki shi ne shari'ar filin dattijon nan Mzee Makokha na bakin tafki. Nan na zauna. Ashe ba ki haukace ba. Na karanta jarida ta ishe ni in san cewa lauya yana tsayawa ne kusa da mai mota. Kyautar nan allo ne a bakin ƙofa, Makokha ne a cikin ɗaki. Mutumin da ke da tarakta da gidan mai da rabin shagunan garin nan. In kika yi masa aiki wata uku ya ga hannunki, ai kakarmu ta yanke saƙa. Me ya sa kika ɓoye wannan a ƙasan takarda kamar gishiri a gindin tukunya?

Saboda haka za mu yi harambe ƙarshen watan nan a gidan Kaka. Kowa ya zo da abin da Allah ya hore masa, a tara. Kin san taron gudummawa ba ya tashi sai da babban baƙo mai nauyin aljihu, ke kuwa da kanki kin nuna mana shi. Jibi zan wanke rigata in je in buga ƙofarsa.

Kaka ta ce ki riƙa cin abinci, a hoton da kika aiko wuyanki kamar na zalɓe.

Yayanki da ba a tunawa sai ranar biya,
Situma

Nairobi
9 ga Afrilu

Yaya Situma,

Ina gaishe ka, ina gaida Kaka da gwiwarta. Ni lafiya lau, na kuma karanta wasiƙarka.

Kada ka je gidan Makokha. In ka riga ka je, ka koma ka ce ɓatan hanya ka yi.

Ba shi za mu tsaya wa ba, shi muka kai ƙara. A bakin tafki, can wajen Busia, akwai matan da ke shanya ƙananan kifi a kan wani fili tun zamanin kakanninsu. Bara suka wayi gari an zagaye filin da waya mai ƙaya, an ce na Makokha ne, masaukin baƙi zai gina. Yanzu a bakin titi suke shanya, motoci na yi musu barbaɗen ƙura. Su ne mutanenmu. Aikina shi ne in zauna da su ɗaya bayan ɗaya in rubuta abin da kowacce ta sani, don a kai gaban alƙali. Ban yi bayani ba ne don na ɗauka ofishin da na ce yana yi wa marasa hali aiki ba zai yi kama da na mai gidan mai ba. Na manta da wa nake magana.

Ka ce me ya sa na ƙi kujerun fata. A wancan ofishin zan share wata uku ina ɗaukar jakar wani. A Kisumu za a ba ni mutane na gaske. Na rubuta wa wurare irin wannan har yatsana ya yi kanta, wannan ne kaɗai ya amsa, kuma gurbi ɗaya ne. Shugabar, Madam Kerubo, mace ce da ko alawa ba ta karɓa daga hannun wanda take shari'a da shi. Abin da ta fara tambayata shi ne ko ina da wata alaƙa da Makokha. Na ce gari ɗaya muke, ko sunana bai sani ba.

Ku yi harambe da mutanenmu kawai. Ko kaɗan aka samu zan lallaɓa. Kwat ma zan iya sayen ta gwanjo.

Ka amsa mini da wuri.

Ƙanwarka,
Nanjala

Gida, Bungoma
28 ga Afrilu

Ranki ya daɗe Lauya,

Muna gaisuwa daga ƙauye, wurin da ake amsa wasiƙa in an aiko. Kaka lafiya, har ta taka rawa da gwiwar. Na ƙona fitila na rubuto miki takarda, ko uffan. Ba komai. Mun san Nairobi, mutum na shiga sai hannunsa ya yi nauyi.

Duk da haka ga labari, ki ji abin da jahilin yayanki ya yi miki.

Na je gidan Makokha. Karensa ya fi ni cin abinci, kuma ya san haka. Aka bar ni a rana har inuwata ta koma ƙarƙashin ƙafata, sannan ya fito yana sakace. Na ce masa jikar Namalwa za ta yi aiki a kan shari'arsa. Ya daina sakacen. Ya ce wane ofishi? Na faɗa. Ya ce sake faɗa mini, yaro. Na sake. Sai ya yi murmushi har na ga haƙorin zinare, ya sa aka kawo mini kujera da lemo mai sanyi. Ni Situma, da ko kekena ba ya bari a jingina a katangarsa. Ya ce, "Yarinyar gida ce, dole mu riƙe ta. Sa sunana a kati."

Ranar Asabar aka yi, a ƙarƙashin mangwaron Kaka. Wanyama mai lasifika ne sanƙira. Kin san shi, in mutum ya ba da ƙwai biyu sai ya faɗe shi kamar an ba da saniya. Mutane sun zo, har waɗanda suka ce karatun mace asarar taki ne. Abokan sana'ata 'yan keke sun jera, kowa ya jefa ɗan abin da ya samu. Mata suka kawo gero da ayaba da ƙwai. Ana cikin haka motar Makokha ta shigo, ta taka wa Kaka kabewa, ba wanda ya ga laifinta.

Kaka ta yanka babban zakaranta. Da aka kawo tuwon masara da nama, ta ɗauko ƙundun da hannunta biyu ta ajiye a gabansa. Kin san ƙundu ba na mace ba ne, ba na yaro ba, na wanda ya fi kowa girma a wurin ne. Kawu Barasa da ya saba cinyewa ya bi shi da ido har maƙogwaro. Makokha ya tauna ya ce, "Yau na zama ɗan gidan nan." Aka yi guɗa.

Sai gwanjo. Kaka ta ba da baƙar akuyarta mai farin goshi, wadda ke da ciki, a sayar a ƙara. Wanyama ya ɗaga igiya yana kirari. Makokha ya saya, ya ce a mayar a sake sayarwa. Aka sake, wani malamin makaranta ya ɗan taya, Makokha ya danne shi kamar ƙuma. A karo na uku ya tashi tsaye, ya karɓi lasifikar, ya ce, "Jama'a ku shaida, wannan akuya tawa ce, na kuma ba lauyata. In ta dawo hutu ta sha nono ta tuna da babanta." Ya danƙa wa Kaka igiyar. Kuɗin gwanjon da gudummawarsa duka ya haɗa a ambulan guda mai kauri kamar bulo. Kaka ta cusa shi a tukunyar gero, ta ce ba mai buɗewa sai ke.

To ga shi. Ɗaki, abinci, mota, kwat har biyu in kina so. Akuyarmu ma ba ta bar gida ba. Ni da ake cewa bakina ne kawai ke aiki.

Na san ruwa ba ya tsami banza, kuma ban taɓa ganin mutumin nan ya ba maroƙi ko sannu ba. Amma na ce a raina, ai lauyarsa yake kiwo.

In hannunki ya warke, ki rubuto godiya. Ba tawa ba, tasa.

Situma

Gida, Bungoma
6 ga Mayu

Nanjala,

Gaisuwa. Kowa lafiya sai ni.

An koma makaranta jiya. Ashe hedimasta ya tafi hutu garinsu da makullin akwatin gidan waya a aljihunsa, wasiƙun ƙauyen nan kaf suna kwance a ciki tun farkon Afrilu. Taki na cikinsu. A bakin ƙofar makarantar na karanta ta, a tsaye, sai da na nemi dutse na zauna.

Wace irin lauya ce za ta rubuta "shari'ar Makokha" ba ta ce wane ɓangare take ba? In na ce miki ina cikin rigimar kura da akuya, ba za ki tambaye ni wanne nake riƙe wa ƙafa ba? Wannan ne abin da muke biya wa kuɗi?

Ban faɗa wa Kaka ba tukuna. Tana waje tana ba lauyar Makokha ɓawon ayaba, wato akuyar, don da sunan nan yaran unguwa ke kiranta yanzu.

Shawarata, ki yi shiru. Kisumu da nisa. Madam ɗinki ba ta cin kasuwar Bungoma. In kuma ba ki yarda ba, na duba tsohon littafinki na ciniki da kika bari, wanda ɓera ya cinye farkonsa. In aka fasa ciniki, kuɗi ya koma wa mai saye, kaya ya koma wa mai sayarwa. A mayar masa da bulonsa, akuya ta zama ta Kaka kamar da. Ki faɗa mini in na yi ƙarya.

Situma

Nairobi
13 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ku. Jarrabawa ta kusa ƙarewa, ni ma haka.

Wasiƙunka biyu tare suka iso. Na karanta ta harambe a ɗakin karatu, na yi wani sauti har mai gadi ya zo dubawa.

Shiru ba zai yiwu ba. Kai kanka ka ce da lasifika ya faɗa. Kana ganin don Allah ya faɗa? Jira yake a shiga kotu, lauyansa ya miƙe ya ce yarinyar da ta rubuto maganganun matan nan kuɗin wanda ake ƙara take ci. A zubar da aikin duka, matan su koma bakin titi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in kuma ya ƙi askin a tona shi a kasuwa.

Na buga wa Madam Kerubo waya na faɗa mata komai. Ta saurara har ƙarshe. Sai ta ce, "Akuya?" Na ce akuya. Ta ce a shekarunta na aiki an gwada ta da fili, an gwada ta da mota, ba a taɓa biyo mata ta akuya ba. Sannan ta daina dariya. Ta ce duk abin da ya fito daga hannunsa ya koma hannunsa, a gaban mutane, da shaidar da za ta iya nuna wa alƙali. In ba ta gani ba kafin ɗaya ga Yuni, akwai wani ɗalibi da ke jiran gurbin.

Na kawo mata hujjarka ta fasa ciniki, har na ce daga yayana ne. Ta ce yayanki bai yi ƙarya ba, amma matan bakin tafki ba su karanta littafinsa ba. Abin da zai kai kunnensu shi ne lauyarsu tana kiwon akuyar Makokha. Daga ranar ba wadda za ta sake buɗe mini baki. Akuyar ma ta tafi.

Na san ta Kaka ce. Na san ita ta yi renonta tun tana 'yar ƙarama. Ka faɗa mata a hankali, ba irin faɗarka ba.

Yaya, wannan gurbin nake so. Ban taɓa roƙonka abu ba sai littattafaina da kake ɗauka ba ka mayarwa.

Nanjala

Gida, Bungoma
19 ga Mayu

Nanjala,

Muna lafiya, mun ma ƙaru. Zan zo kan wannan.

Na faɗa wa Kaka a hankali. Makwabta sun ce har gidansu an ji hankalin. Ta ce ba a mayar da kyautar mutumin da ya ci ƙundu a gidanka, in an yi haka an zagi tukunyar gidan ne. Ta ce in ofishin ba ya son jikarta da akuya, ya nemi jikar da ba ta da kowa. Sai na karanta mata wasiƙarki da ta maƙale a akwatin hedimasta, wajen matan nan da waya mai ƙaya. Ta ce, "Kifin nan da nake saye yana yi mini ƙasa-ƙasa a baki, shi ne?" Na ce shi ne. Ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta tono ambulan daga cikin gero ta wurgo mini, ko kallona ba ta yi ba.

Na ɗaure akuyar a bayan keke. Mai ciki ce, ta fi matar fasto nauyi, kuma ita matar fasto ba ta cin rigar mutum a hanya. Wannan karon ba a bar ni a rana ba. Makokha na zaune a baranda shi kaɗai, ya kori masu aikinsa kafin in buɗe baki, don kada a samu mai shaida.

Na ce na kawo masa kayansa. Ya ce, "Kayana? Ni ban san ina da kaya a hannunka ba, ɗan keke." Na ce an yi kuskure. Ya ce, "Kai ka yi kuskure. Ni sau biyu na tambaye ka sunan ofishin." Na ajiye ambulan a kan tebur, ya ɗaga hannuwansa sama kamar na ajiye maciji. Ya ce, "Na ci ƙundu a gidanku. Ka taɓa jin an mayar da ƙundu? Je ka ce wa lauyata ta yi karatu da kyau, babanta na alfahari da ita."

Na faɗa masa wasu abubuwa game da shi da karensa da wanda ya fi wani asali a cikinsu. Ba zan rubuta su ba, kada wata rana a karanta a kotu. Na so in ɗaure akuyar a ƙofarsa in gudu, sai na tuna Madam ɗinki shaida take so, kuma shi zai sa a kawo mana ita da rana tsaka da kiɗa.

Girgizar keken ce ko baƙin ciki, ban sani ba, muna isa gida ta kwanta ta haihu. Biyu, duka masu farin goshi. Abin da za a mayar yana ƙaruwa, ranar Madam tana matsowa. Kaka ta ce kada in kuskura in tambayi littafina na wa ne 'ya'yan.

Ban san dabara ba tukuna. Kada ki rubuta wa ofishin kujerun fata. Ki ba ni mako.

Situma

Gida, Bungoma
26 ga Mayu

Lauyar matan kifi,

Gaisuwa daga ni da Kaka da garken da babu kowa a ciki. Ki fara duba hoton da ke cikin ambulan ɗin nan, sannan ki dawo ki karanta. Wannan ta hannun direban motar dare na aiko, na gama da hedimasta.

Girman kai ne ya kama shi. Kwana biyu bayan zuwana sai ga kati an kawo wa Kaka, mai ruwan zinare a gefe. Makokha na gayyatar "danginsa na gidan Namalwa" harambe, ɗansa zai tafi Indiya karatu. Kin san masu kuɗinmu, su ma ba sa tura ɗa waje da kuɗinsu. Na so in hura wuta da katin. Kaka ta ce, "Karanta mini kuma." Na karanta. Ta ce, "Kai da littattafanka. Wa ya ce mayarwa za mu yi? Mutum ya zo harambenmu, ba sai mu je nasa ba? Biki ramawa ake yi, kuma ba a rama shi daidai, sai an ɗora." Ta nuna 'ya'yan akuyar da haɓa.

Ranar Lahadi ta ɗaura ɗankwalinta na coci. Na ɗauke ta a keke, 'yan uwana 'yan keke suka ɗauko uwar da 'ya'yan, muka tsaya muka ɗauko mai hoton kasuwa. An kafa rumfuna, manyan mutane sun cika kujerun gaba da tumbinsu. Makokha na tsaye riƙe da kwando da hannu biyu, yadda mai taro ke yi, kowa na zuwa yana zubawa. Sanƙira kuwa Wanyama ne. Na raɗa masa abin da zai faɗa, ya ce ai ko ban raɗa ba.

Ya buɗe lasifika: "Ga Namalwa, kakar lauya. Ga ambulan ɗin da Mzee ya kai gidanta, ko buɗe shi ba a yi ba, har da geron gidan a jikinsa. Ga akuyar da ya ba su, ta je ita kaɗai ta dawo su uku. Jama'a, kun taɓa ganin ramuwar biki irin wannan?" Aka ɗauki tafi. Manyan kujerun gaba suka fi kowa tafawa, don ba su san komai ba.

Kin san ba a taɓa yin mai harambe da ya ce ba ya so ba. In ya ƙi na tsohuwa a gaban mutane, wa zai sake zuba masa? Hannuwansa biyu na kan kwando. Kaka ta jefa ambulan a ciki, ta rataya masa igiyar a wuyan hannu, ta ce, "Yaron ya yi karatu da kyau, kakarsa na alfahari da shi." Nan mai hoto ya danna. Abin da kike gani a fuskarsa ba murmushi ba ne, haƙorin zinaren ne ya rasa wurin ɓuya. A bayan hoton na sa fasto da Wanyama sun sa hannu, da kwanan wata.

Saura abu guda. Da aka zo cin abinci, aka wuce da kwanon kaza za a kai teburin manya. Kaka ta tsayar da yarinyar da ke ɗauke da shi, ta sa hannu ta tsamo ƙundun. Mata suka dafe baki. Kawu Barasa ya rufe ido yana addu'a. Ta ce, "An ce komai ya koma inda ya fito." Ta jefa a baki, karon farko a rayuwarta. Ta yi ta tauna har muka kai bakin titi, sannan ta ce, "Wannan ne suke hana mu tun muna yara? Kamar takalmin taya."

Muka hau keke muka nufi gida. Da muka iso ta tsaya a bakin garken ta daɗe, sannan ta ce in cire turken in ajiye, wata rana lauya za ta saya mata wata.

Yanzu batun abin da ya rage. Na mutanenmu, na ƙwai da gero da 'yan keke, zai yi miki kwat ɗin gwanjo da ɗakin wata guda. Sauran wata biyun na yi tunani. An ce a Kisumu ma mutane na da ƙiba kuma ba sa son tafiya a ƙasa. Zan ɗora kekena a kan mota in zo. Akwai wani abokina a can da zan raɓa. Abin da na samu da rana ya biya ɗakinki, safe da yamma in kai ki in ɗauko ki, kuɗin mota ya fita daga lissafi. Ba don ke ba ne. Ina son in zauna a bencin baya ranar da za a kira sunansa a kotu, in ga ko zai tambayi sunan ofishin sau uku.

Kada ki faɗa wa kowa.

Situma

Kisumu
31 ga Mayu

Yaya Situma,

Ina gaishe ka, ka durƙusa ka gaida mini Kaka. Na iso lafiya, na kai hoton da hannuna.

Madam Kerubo ta sa tabarau ta dube shi gaba da baya. Ta tambayi wace ce tsohuwar, na faɗa mata, har da labarin ƙundu. Ta cire tabarau ta share ido. Ta saka hoton cikin jakar shari'ar, ta ce in zo ranar Litinin da takalmin da ba ya tsoron laka, bakin tafki za mu fara.

Na faɗa mata za ka zo, ka yi haƙuri. Ta ce nawa za ka riƙa karɓa a wurina kullum? Na ce ko sisi. Ta ce wata nawa? Na ce uku. Ta ce to ashe ɗalibai biyu ofishinta ya samu bana, ka riƙa shigowa shan shayi, akwai kuma littattafan da ɓera bai taɓa ba.

Ka taho da bargo, da asuba akwai sanyin tafki. Batun albashinka kuma, ka duba bayan takardar nan.

Ƙanwarka,
Nanjala